Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Abdullahi Sule: Sabon Akawu Ya Shiga Ofisoshinmu Ba Sallama

Mai Girma Gwamnan Jihar Nasarawa,
Injiniya Abdullahi A. Sule,
Gidan Gwamnati, Titin Shendam, Lafiya.

Ranka ya daɗe, ina roƙon ka ara mini kunnenka kan wata magana da ban ji ana yin ta a majalisa ko a rediyo ba, alhali kullum tana faruwa a kan teburan ma'aikatanka.

Ni tsohon jami'in mulki ne. Na kama aiki tun muna ƙarƙashin Jihar Filato, ina kuma cikin waɗanda suka dawo gida daga Jos bayan an ƙirƙiro Jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba, 1996. Yawancin shekaruna a sashen kula da ma'aikata na yi su: rubuta takardar tuhuma, karanta amsarta, zaman kwamitin ladabtarwa, shiga tsakanin darakta da mataimakinsa. Abin da aikin ya koya mini shi ne, rigimar ofis ba kasafai take tashi daga sata ko wani babban laifi ba. Daga kalma take tashi. Layi ɗaya da aka rubuta a kan fayil cikin fushi ya isa ya raba mutum biyu shekara goma, su daina gaisawa ko a wurin jana'iza. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta, aka buga mata hatimi, aka adana.

Yau kuwa ba ma'aikaci kaɗai ke zaɓar kalmominsa ba. Tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT a ƙarshen Nuwamba 2022, musamman kuma tun da Meta AI ta shigo cikin WhatsApp a Najeriya a Afrilun 2024, ma'aikatanka suka sami sabon akawu a aljihu. Hukumar kula da ma'aikata ba ta ɗauke shi aiki ba, bai yi rantsuwar riƙe sirri ba, amma shi ke rubuta amsar tuhuma, da takardar neman hutu, da koken ƙarin girma, da jawabin da za a karanta a taro. Matasa suna yi da hannunsu, manya kuma suna ba matasan su yi musu. Ba na cewa a hana. Ƙirƙirarriyar basira ba za ta hanu ba, amfaninta kuma na gaske ne. Roƙona shi ne a koya wa mutane yadda ake yi mata magana, domin da umarnin da aka ba ta take aiki, ko ta zama ruwa ko ta zama fetur.

Bari in ba ka labarin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Bara ɗan maƙwabcina, yaro mai natsuwa da ke mataki na 08 a wata ma'aikata da ba zan kira sunanta ba, ya yi sallama da ni bayan isha'i riƙe da takardu biyu. Ɗaya takardar tuhuma ce daga daraktansa: ya yi bayani cikin awa 48 dalilin da ba a gan shi a ofis ba kwana biyu. Ɗayar kuma amsar da ya shirya. Mahaifiyarsa ce aka kwantar a asibiti, ya gaya wa shugaban sashensa da baki, shi kuma bai isar da saƙon ba. Yaron yana da gaskiya, kuma ransa ya ɓaci. Cikin wannan hali ya buɗe wayarsa ya rubuta wa na'urar abin da ma'anarsa ita ce: "Ogana ya tsane ni, yana neman hanyar korata, rubuta mini amsa mai zafi da za ta nuna masa na san haƙƙina."

Ta rubuta kuwa. Shafi biyu na Turanci mai santsi, wanda ni da na shekara da shekaru ina wannan aiki ban iya irinsa ba. A ciki ta zargi daraktan da tsangwama da nuna bambanci, ta yi barazanar kai ƙara gaba, ta kuma kafa hujja da wani sashe na dokokin aikin gwamnati har da lambarsa. Na ɗauko tsohon littafina na dokokin aiki muka bincika. Abin da ta ce sashen ya ƙunsa ba ya nan. Da yaron nan ya miƙa wannan takarda, da laifin fashin kwana biyu, wanda bai wuce jan kunne ba, ya koma rashin ɗa'a ga na gaba da kuma shirga ƙarya a takardar hukuma. Na zauna a kwamitocin da irin wannan ta hana mutum ƙarin girma.

Na ce ya buɗe sabon shafi mu sake. A wannan karon muka gaya mata abin da ya faru daki-daki, da ranaku, ba tare da sunan kowa ko na ma'aikatar ba. Muka gaya mata cewa daraktan dattijo ne, sa'an mahaifin yaron, kuma mai yiwuwa bai san da maganar asibiti ba. Muka faɗa mata abin da muke nema: a rufe maganar, kuma su ci gaba da aiki tare cikin mutunci. Sannan muka ƙara abubuwan da a ganina su suka sauya komai. Muka ce: "Kafin ki rubuta ko kalma ɗaya, faɗa mana yadda wannan lamari yake a idon daraktan. Ki tambaye mu duk abin da ba ki gane ba. Kada ki kawo wata doka sai wadda muka kwafo miki da hannunmu. Idan akwai inda mai amsar ya yi kuskure, ki faɗa ƙarara."

Sai ta ce, a wurin daraktan rajistar zuwa aiki ta nuna gurbi biyu babu bayani, kuma sanarwar baki ga wani ba ta zama izini a rubuce. Ta tambaya ko akwai katin asibiti. Akwai. Amsar da ta fito ba ta kai rabin shafi ba: ga abin da ya faru, ga shaida, na yi kuskure da ban rubuta ba, ina neman afuwa, ba zan sake ba. Na gyara kalmomi biyu, na kuma ce masa kada ya bayar ta hannun masinja. Ya je da kansa da safe, ya gaishe da mutumin, ya yi masa bayani da baki, sannan ya miƙa takardar. Haka ya yi. Daraktan ya tambayi jikin mahaifiyar, maganar ta mutu a nan.

Waya ɗaya, manhaja ɗaya, dare ɗaya, ranka ya daɗe. Abin da ya bambanta shi ne umarnin, da kuma dattijon da ya yi katarin zama a kusa. Ma'aikata nawa ne a Awe, da Toto, da Wamba, da Keana suke danna irin umarnin farko babu mai ce musu dakata?

Kai injiniya ne, ka san ba a yarda da inji sai an fahimci yadda yake aiki. Wannan na'ura an ciyar da ita rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa har ta ƙware wajen hasashen kalmar da ta dace ta biyo bayan wata, sannan aka ƙara horar da ita da zaɓin mutane, waɗanda suke nuna amsar da ta fi yi musu daɗi. Daga nan ta gaji halaye biyu masu haɗari ga aikin ofis. Na farko, tana karkata ga mai tambaya. Idan ba ka tsawatar mata ba, 'yar amshin Shata ce: ka ce an zalunce ka, ta ce lalle an zalunce ka. Kamfanin OpenAI da kansa ya janye wani sabon gyara da ya yi wa ChatGPT a Afrilun 2025 saboda fadancinta ya wuce kima. Na biyu, idan ba ta da abu takan ƙirƙiro shi da cikakkiyar murya. A Yunin 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci tarar lauyoyi biyu da ofishinsu dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ta ƙaga, waɗanda ba a taɓa yi ba. Idan ta kai lauyoyin Amurka ƙasa, ƙaramin akawu da bai taɓa riƙe littafin dokokin aiki ba fa?

Duk da haka ina goyon bayan a yi amfani da ita, kuma dalilina na gida ne. Ma'aikacin Nasarawa yana tunani da Eggon, ko Alago, ko Mada, ko Gwandara, ko Migili, ko Tibi, ko Fulatanci, yana hira da abokin aikinsa da Hausa, sannan a ce ya zuba damuwarsa a takarda da Turanci. Na sha ganin takardar da ta fito da kaushi ba don mai ita ya yi nufin rashin kunya ba, sai don iyakar Turancinsa ke nan. Na kuma ga mai gaskiya ya faɗi a gaban kwamiti saboda wanda suke jayayya da shi ya fi shi iya tsara zance. Ga irin waɗannan, na'urar adalci ce. Wasu masu bincike biyu a jami'ar MIT ta Amurka sun gwada ta a kan ma'aikata 453 masu aikin rubutu, suka wallafa a mujallar Science a 2023 cewa lokacin aikin ya ragu da kashi 40 cikin ɗari, ingancinsa ya ƙaru da kashi 18, kuma waɗanda suka fi rauni a rubutu su suka fi cin riba. Gwamnatin Birtaniya ma ta gwada Copilot na Microsoft a kan ma'aikata 20,000, suka ce tana rage musu kimanin minti 26 a kowace rana.

Sai dai tarbiyyarta ba ta nan ba ce. Yawancin abin da ta karanta kan zaman ofis daga Amurka da Turai ya fito. Ka tambaye ta yadda za ka warware saɓani da na gaba da kai, sai ta ce ka nemi ganawa da shi kai tsaye, ka dube shi ido cikin ido, ka faɗa masa yadda ka ji a ranka. Kai ka yi karatu a Amurka, ka kuma shugabanci kamfanin sukari na Dangote, ka san inda wannan shawara take aiki da inda take jawo wa yaro baƙin jini. A nan ana fara gaisuwa, ana tambayar iyali, wani lokaci ma ba kai za ka je ba, wani dattijo za ka samu ya shige maka gaba. Ba a gyara wa babba kuskure a gaban na ƙasa da shi. Na'urar za ta iya bin wannan tsari, amma sai an gaya mata. Hausarta kuma har yanzu da sauran gyara, takan yi wa babba magana kamar tsaranta. Na ji daɗi da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ƙarƙashin Dokta Bosun Tijani ta ƙaddamar da N-ATLAS a Satumban 2025, wadda aka gina don Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancinmu na Najeriya. Amma harsunan Eggon da Alago da Mada ba sa ciki, kuma idan jami'o'inmu ba su tattara su ba, babu wanda zai zo daga waje ya yi mana.

Akwai wani ɓangare da ya fi tayar mini da hankali, wato shawo kan mutum. Shawo kai halal ne a aikin gwamnati, kusan ma shi ne aikin. Shugaban makaranta da yake son a gyara rufin aji dole ya iya rubuta takardar da za ta motsa babban sakatare: yara nawa, tun yaushe, nawa za a kashe yanzu, nawa za a kashe idan aka bari damina ta wuce. Na'urar ta iya wannan ƙwarai. Ka ce mata ta zama babban sakataren, ta kawo maka duk dalilan da za su sa a ƙi, sai ka shirya amsoshinka tun kafin ka shiga. Wannan kyakkyawan amfani ne.

Amma tsakanin shawo kai da yaudara tazarar ba ta da yawa. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature Human Behaviour a 2025, wanda ya ƙunshi mutum 900, ya nuna cewa idan aka ba na'urar GPT-4 'yan bayanai kan abokin muhawararta, irin su shekaru da jinsi da ra'ayin siyasa, takan fi ɗan Adam iya juya ra'ayinsa, kimanin sau 64 cikin ɗari a inda aka sami wanda ya fi. Ka auna wannan da jiharmu. Kai ka fi ni sanin yadda ƙaramar gardamar canjin wurin aiki take sanya rigar ƙabila ko ta addini kafin la'asar. Ranar da wani zai rubuta wa na'ura cewa abokin aikina ɗan ƙabila kaza ne, mai addini kaza, tsara mini takardar koke da za ta tunzura mutanenmu a kansa, za ta iya ba shi abin da ya fi ƙarfin alƙalaminsa, kafin a ankara ya zagaye zaurukan WhatsApp. Wannan ya kamata ya zama laifi a rubuce, mai hukunci a rubuce.

Sai maganar sirri, wadda ba ta buƙatar dogon bayani. Duk abin da aka liƙa a manhajar kyauta ya bar ofis, ya tafi kwamfutocin wani kamfani a wata ƙasa. A 2023 kamfanin Samsung ya taƙaita wa ma'aikatansa amfani da ChatGPT bayan wasu sun zuba sirrin aikinsu a ciki. Mu kuma muna da dokar sirrin gwamnati ta 1962, ga kuma dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023. Ma'aikacin da ya ɗauki hoton fayil ɗin wani, da rahoton likitansa da lambar albashinsa, ya tura wa na'ura don ta taƙaita masa, ya taka doka ba tare da ya sani ba. Alhakin rashin saninsa yana kan wanda bai sanar da shi ba.

Akwai kuma saɓani tsakanin gwamnati da ma'aikata. A Disambar 2024 ma'aikatan jiharmu sun shiga yajin aiki kan sabon mafi ƙarancin albashi, kafin a daidaita a kan naira 70,500. Ba na'ura ce za ta biya albashi ba, kuma kada kowa ya yi tunanin daɗin baki zai maye gurbin haƙƙi. Amma duk wanda ya taɓa zama a teburin sasanta irin wannan rikici ya san rabin gardamar a kan kuɗi take, rabi kuma a kan me aka ce jiya da me aka rubuta. A nan na'urar tana da ɗan gurbi. Masu bincike na Google DeepMind sun wallafa a mujallar Science a Oktoban 2024 gwajin da suka yi da mutum fiye da 5,000 a Birtaniya, inda na'ura take tattara ra'ayoyin masu saɓani ta fitar da matsayar da kowa zai ga kansa a ciki, kuma mahalarta sun fi zaɓar nata rubutun a kan na ɗan Adam mai shiga tsakani, sau 56 cikin ɗari. Sirrin gwajin shi ne kowane ɓangare ya faɗi nasa, kowa kuma ya karanta ya yi gyara. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Haka ake yi a zauren mai unguwa, haka ake yi a fadar Mai Martaba Sarkin Lafiya, Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad, wanda ya zauna a Kotun Ƙoli kafin ya hau gadon sarauta. Ba a yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya. Matsalar wayar da ke aljihu ita ce kullum bakin mutum ɗaya take ji.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona. Ka umarci ofishin Shugaban Ma'aikata ya fitar da takardar sanarwa gajera, shafi ɗaya ko biyu, da Turanci da Hausa, ta isa kowace ma'aikata da dukkan ƙananan hukumomi 13. Ta faɗi cewa an yarda a nemi taimakon na'ura wajen tsara rubutu, domin mutane su daina ɓoyewa. Ta hana sanya suna, ko fayil, ko takardar sirri a ciki. Ta bayyana cewa wanda ya sa hannu shi ke da kowace kalma, ba a karɓar uzurin "na'ura ce ta rubuta". Ta kuma haramta wa kowane kwamiti ko shugaba barin na'ura ta yanke hukuncin ladabtarwa, ko ƙarin girma, ko canjin wurin aiki. Wanda za a hukunta yana da haƙƙin ɗan Adam ya saurare shi, ya kalli fuskarsa.

Bayan takardar sai horo, kuma ina roƙon kada ya zama taron otal na kwana ɗaya da jaka da alawus. A fara da jami'an mulki da sakatarori da shugabannin sassa, don ta hannunsu takardun rigima suke bi. A haɗa malaman kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Lafiya, da Jami'ar Jiha da ke Keffi, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai, da matasanmu da suka fito daga shirin horon fasaha na 3MTT, da tsofaffin ma'aikata da suka san dokokin aiki da halin mutane. Matashi ya san inda ake dannawa, dattijo ya san abin da ba a faɗa. A gayyato ƙungiyoyin ƙwadago tun daga farko, don kada su ɗauka wata dabara ce ta rage ma'aikata. Darasin kuma ya kasance da takardun gaske da aka goge sunaye: a ba mutum tuhuma, ya gwada umarnin fushi, ya gwada umarnin da ya kawo ɓangaren abokin saɓaninsa, ya ga bambancin da idonsa. Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, ya riga ya samar da Service-Wise GPT don taimaka wa ma'aikata da dokokin aiki. Abuja tana maƙwabtaka da mu, a tura mutum biyu su ga yadda aka yi kafin a ba kowa kwangila.

Wa'adinka zai cika ranar 29 ga Mayu, 2027. Wannan aiki ba ya buƙatar siminti ko rodi, sa hannunka kawai yake jira, ana kuma iya gama shi cikin wata uku. Ina roƙonka da girman Allah ka sa a fitar da takardar nan kafin wani yaro mai gaskiya ya rasa aikinsa saboda amsar da bai san yadda ake neman ta ba.

Allah ya yi maka jagora, ya zaunar da jiharmu lafiya.

Naka mai biyayya,
Wani tsohon jami'in mulki,
Lafiya, Jihar Nasarawa.